Ranar da Na Saurari Zuciyar Surukata

Na san ba za ka yarda ba, kuma ban ga laifinka ba. Amma ga shi nan, in ka ga dama ka ɗauka: ni ɗin nan na taɓa duba maras lafiya na juya mata ƙeya, hancina na gogar bango, idona a rufe, ga labule a tsakaninmu. Kuma lokacin ba sabon shiga ba ne ni, na yi nisa a karatun likita a jami'a, har an kai mu sashen ciwon zuciya da jijiyoyin jini. Je ka Matameye ka tambaya. Kai, kada ma ka je, za su ƙara maka da abin da ban yi ba.

Bakina ne ya fara ja min. An ba mu ɗan hutu a tsakiyar rani, na sauka tasha da farar rigata ta asibiti da abin sauraron ƙirji a rataye a wuya. Da shi nake zuwa sayen ƙosai. Da shi nake zuwa aski. Masallaci kaɗai nake cire shi, shi ma don yana bugun tabarma in na yi sujada. Da yamma in na zauna fada, wato majalisarmu ta samari, ana dafa shayi, sai in buɗe musu karatu. Na ce musu in mutum ya wuce a kan kabu-kabu, kafin ya sha kwana na ƙirga bugun zuciyarsa. Na ce musu kunnena ya kai inda ko ta bayan katanga ina jin zuciyar mutum, in gaya maka mai lafiya ce ko ta kusa ajiye aiki. Suka yi ta dariya, ni ma ina yi. A zatona maganar ta mutu a gindin butar shayi.

Gaskiyar abin da aka koya mana kuwa daban take. Malaminmu na zuciya wani gajeren farfesa ne da ban taɓa ganin haƙorinsa ba. Abu ɗaya yake maimaita mana kullum: wanda ba a ɗaga masa riga ba, ba a duba shi ba. In ya kama ka ka ɗora abin sauraro a kan tufafi, a gaban maras lafiyar zai tambaye ka ko tela kake son zama. Shi ya koya mana ciwon nan da ke kama wasu mata bayan haihuwa, zuciya ta buɗe ta saki kamar tsohuwar robar wando, ta kasa tura jini, ruwa ya taru a ƙafa da huhu. Ya ce a ƙasarmu abin yana da yawa, kuma kunun kanwa da wankan tafasasshen ruwa suna ƙara wa zuciyar kaya a kan kaya. Na haddace darasin nan tsaf da Faransanci. In ka tashe ni daga barci zan karanto maka shi ba gargada.

To, ina da mata. Na yi aure ina ɗalibi, tana zaune gidanmu wajen tsohuwata. Gidan iyayenta yana bayan kasuwa, kuma tun da aka ɗaura auren nan ban taɓa ganin fuskar surukata gaba ɗaya ba. Yatsun ƙafarta na sani, da muryarta daga nesa. In na je gaisuwa a zaure nake tuɓe takalmi, in durƙusa, in gaida ƙasa, ita kuma ta amsa wa bango daga can ciki. In na hango ta a hanya, lungun da ya fi kusa nake faɗawa ko da ba ya ɓullewa. Akwai ranar da na laɓe bayan amalanken jaki, jakin ya tafi, na bi shi a sunkuye har bakin kasuwar dabbobi. Haka aka tarar ana yi, kuma ni a wannan fannin ɗalibi ne na gaban aji.

Sai ga shi Allah ya kawo wa surukata rabo a lokacin da kowa ya ɗauka kasuwa ta tashi. Ta haifi namiji. Ita kanta kunyar abin take ji, ga ƴarta a ɗakin miji ita kuma tana jego. Ba wanda ya gaya min a fili. Ranar suna na je na ci nama kamar wanda ya biyo hanya, na yi wa ginshiƙin zaure barka, na fito.

Ana cikin hutun nan, wata safiya matata ta dawo daga gidansu ta zauna bakin gado ba ta cire mayafi ba. Ta ce Inna, wato uwarta, ba ta iya kwanciya, a zaune take kwana ta jingina da buhun gero. Ƙafafunta sun kumbura har silifa ba ya shiga. In ta taso daga ɗaki zuwa bayan gida sai ta huta a hanya, ga tari. Ta ce Goggo, wato yayar surukina da ta zo yi mata wankan jego, ta ce sanyi ne ya shige ta, don haka an ƙara wa ruwan wanka wuta, an ƙara wa kunu kanwa.

Tana faɗa ina jin kamar farfesa ne ke karanto min jarrabawa. Ba abin da ya ɓace a ciki. Na ce mata yau ɗin nan a kai Inna babban asibitin Damagaram, can ne ake da na'urar da ke nuna zuciya. Ta ce ai ka san ba mai fitar da ita sai da izinin Baba. Baba kuwa, wato surukina, yana Legas wajen ci-rani.

Na kira shi. Na durƙusa ina waya, kamar yana ganina. Muka gaisa, muka gaida zafi, muka gaida Legas da mutanenta, sannan na lallaɓa na kawo maganar. Ina jin hayaniyar motoci a bayansa.

“Ba kai ne aka ce kana jin zuciya ta bayan katanga ba?” in ji shi. “Mai jego ba ta fita kafin arba'in sai da dalili. Ga likita a gida, me za a je nema Damagaram? Ka je ka duba ta. In ka ce a tafi, a tafi. In ba ka ji komai ba, a bar ta ta ƙarasa wankanta.”

Ka ji fa. Maganar da na yi a fada don a ƙara min kofin shayi, ta hau mota ta ƙetare iyaka ta riga ni isa Legas. Yanzu tafiyar matar nan asibiti ta rataya a kunnena, kunnen kuma ba shi da hanyar isa ƙirjinta sai ya bi ta kan duk wata kunya da aka raine ni da ita.

Da hantsi muka tafi ni da matata. Na sa farar rigar, wai ko za ta ba ni ƙarfin hali. Tun daga zaure rigar ta zame min kamar ta aro. Na tuɓe takalmi, na durƙusa, na soma aikin likita daga nan.

Ga yadda layin ya kasance. Matata ƴar fari ce, uwar ba ta kama sunanta, ba ta ma cika amsa mata magana kai tsaye ba. Saboda haka ni in gaya wa matata, matata ta gaya wa Goggo, Goggo ta shiga ɗaki ta gaya wa Inna, amsa ta biyo ta hanyar da ta je. Na tambaya tun yaushe kumburin ya fara. Amsa ta dawo: ta ce da sauƙi, tana gaishe ka. Na tambaya ko numfashin ya fi tsananta in ta kwanta. Ta ce da sauƙi, ya mutanen gida. Da na zo kan maganar fitsari, na yi ta kewaye-kewaye kamar mai neman aure, Goggo ta tsaya ta kama ƙugu ta ce wannan ba tambayar da yaro zai aika wa babba ba ce, ita ba za ta ɗauka ba. A nan tambayar ta mutu, a tsakar gida, kusa da turmi.

Can sai Goggo ta fito da saƙo na musamman. Ta ce Inna ta ce a gaya wa yaron nan kada ya wahalar da kansa, tunda yana ji ta bayan katanga, ya saurara daga inda yake, ita za ta yi shiru.

Na ɗaga kai na dubi Goggo ko zan ga alamar zolaya. Babu. Gidan ya yi tsit, har an kori kaji. Matar nan da gaske ta yarda. Tana can ciki ta ƙunshe tarinta, tana jira mijin ƴarta mai ilimi ya ji zuciyarta ta cikin ginin laka. Da a ce zagina ta yi, da ya fi min sauƙi. Na sunkuyar da kai na ce wa Goggo wancan zancen fada ne kawai, ba a ji sai an ɗora abin a jiki. Goggo ta dube ni tun daga hula har yatsun ƙafa, irin kallon da ake yi wa akuyar da aka sayo aka tarar ba ta da haƙori.

Ita ce dai ta kawo dabara. Ta ɗaura zane a ƙofar ɗakin, aka matso da Inna bakin ƙofa daga ciki. Ni na tsuguna daga waje, na ba labulen baya, na toshe kunnuwana da abin sauraro, igiyar ta bi ta kan kafaɗata ta shige ciki, matata ta riƙe kan. Igiyar nan duka-duka ba ta fi tsawon hannu ba, don haka ƙeyata tana taɓa labulen, ina jin ɗumin mutum a bayana. Na rufe ido, ban san dalili ba, tunda bango ne a gabana.

Na shiga ba da umarni kamar mai koya wa makaho tuƙi. Hagu. Ƙasa kaɗan. A'a, koma. Wurin da ake ɗora abin yana ƙarƙashin nonon hagu ne, kuma ni da in furta wannan kalma a gidan nan gara a ce in haɗiye abin sauraron. Na faɗe ta da Faransanci. Matata ta ce me ka ce? Na ce ba komai, ci gaba.

Abin da na ji kuwa, na ji shi da yawa. Na ji hijabi yana gogar riga, riga tana gogar zane. Na ji awarwaron matata. Na ji kunun safe yana juyawa a ciki. Jaririn ya tsala kuka daidai bakin abin, sai da na ga taurari da rana tsaka. Zuciya dai guda ɗaya na ji, tawa, tana dukan kunnena kamar za ta fito ta gudu ta bar ni.

Na zare abin na miƙe, ƙafafuna sun yi tsami. Na ce to, Allah ya ƙara sauƙi, a dai rage kanwa. Goggo ta juya ta ce wa labule, kin ji ko, ba komai, dama na faɗa. Ni ban ce ba komai ba. Amma ban ce akwai ba. Na nufi zaure da saurin wanda ya ji an kira sallah a wani gari.

Na sa takalmi ɗaya, ina laluben ɗayan, sai ta saki tarin da ta daɗe tana riƙewa. Bayan tarin kuma sai numfashi. Wallahi ta bayan katanga na ji shi, a karo na farko kuma na ƙarshe a rayuwata. Numfashin wanda ya ɗauko buhu ya hau tudu, alhali a zaune take ba ta ɗauki ko ludayi ba. Na san numfashin nan. Na sha jin sa a ɗakin mata a asibitin da muke koyon aiki, na kuma ga yadda wasu suke ƙarewa, a ja zane a rufe fuska, a miƙa wa kaka jariri.

Ina tsaye da takalmi ɗaya, matata ta iso ta miƙo min abin sauraron da na manta a ƙofar ɗaki. Ba ta ɗaga murya ba.

“In wata ce aka kawo muku asibiti, haka za ka bar ta ka tafi?”

Na cire takalmin. Na koma tsakar gida, na yi sallama da wata murya da ban san ina da ita ba, siririya kamar ta ɗan akuya. Na ce Inna, ku yi haƙuri, ku gafarce ni, sai na shigo. Na ɗaga labulen. Goggo ta saki salati mai tsawo kamar an ce mata rumbu ya kama wuta.

Ranar na fara ganin fuskar surukata. Ashe ba tsohuwa ba ce yadda na ɗauka, ashe hancin matata nata ne. Fuskar ta kumbura, gumi na tsattsafowa, jijiyoyin wuyanta sun miƙe kamar igiyar guga. Kallo ɗaya na samu, ta ja mayafi ta rufe. Ni kuma na kafa ido a kan buhun geron da ke bayanta, har yau zan iya zana maka ɗinkin bakinsa.

Na durƙusa na danna ƙaurinta da yatsa, yatsan ya shige kamar a cikin tuwo mai zafi, na ɗauke, ramin ya zauna. Na ɗaura mata abin awon tansiyo, wato hawan jini. Sannan aka zo wurin. Matata ta kawar da kai ta ɗaga gefen rigar uwarta. Ni na yi bisimilla a zuci, na ɗora.

Ka san lafiyayyar zuciya kamar mata biyu ne a turmi ɗaya, wannan ta sauke taɓarya, waccan ta sauke, ba mai shiga hurumin wata. A ƙirjin Inna mata uku na ji suna lugude, da sauri, kuma duka ukun a gajiye. Bugun ma ya bar mazauninsa ya gangara wajen hammata. Na zagaya bayanta na ce ta ja numfashi, ƙasan huhun duka biyu yana ƙara kamar an watsa gishiri a wuta. Abin da farfesa ya yi ta fama ya cusa mana ke nan, ga shi a kunnena sarai, a ɗakin da ko a mafarki ban taɓa zaton zan taka ba.

Na ja da baya na tsuguna. Sai na ji bakina ya kama zuba Faransanci, ina yi wa azarar rufin ɗaki bayani da manyan kalmomi, don a cikin Faransanci ba ni da suruka. Daga ƙarƙashin mayafi aka yi magana, maganar farko da ta taɓa yi min ba ɗan aike.

“Yi Hausa.”

Na yi Hausa. Na ce zuciyar ta gaji, ta buɗe, ruwa ya taru a huhu, shi ya sa kwanciya ta gagara. Na ce a dakata da kanwa da ruwan zafin nan, kuma yau za a tafi Damagaram, ba gobe ba. Goggo ta ce ita da hannun nan nata ta wanke matan gidansu kaf, ba wadda zuciyarta ta buɗe, sai yau da aka samu likitan ƙosai. Inna ta ɗaga yatsa ta nuna wayar da ke aljihun rigata.

Na kira Legas. Na gaya wa Baba abin da na ji. Ya ce ta bayan katangar ka ji? Na ce a'a Baba, shiga na yi.

“Ka shiga.”

“Na shiga, Baba.”

Na duba wayar ko layin ne ya yanke. Ina tsugune ina jin gumi na bin bayana yana shiga wando. Can ya ce to, ku tafi, Allah ya kiyaye hanya, ya kashe wayar bai jira amin ɗina ba.

Ta kwanta asibiti, na'ura ta nuna abin da kunne ya ji, aka ɗora ta a kan magungunan da suka janye ruwan suka tallafi zuciyar. Tana nan da ranta, tana shan ƙwayoyinta, tana faɗa da masu sa mata gishiri a miya. Jaririn nan yanzu lakkwal yake zuwa, makarantar boko ke nan, in ya gan ni sai ya ce in ba shi abin kunne ya saurari cikin tunkiya. Ni kuma har gobe a zaure nake durƙusawa, in na hango ta a hanya ina neman lungu. Ƴan fada ba su bar ni ba, in na zo wucewa sai wani ya ƙwanƙwasa bango ya ce likita, zo ka ji mana me ke damun wannan.

Amma abin da ya fi zauna min a rai a tasha ya faru, ranar da za mu tafi. Mun samu motar Damagaram saura kaɗan ta cika. Aka sa Inna gaba, bakin taga, don ta zauna a miƙe ta sha iska. Matata da Goggo da jariri suka shige baya, aka cusa su tsakanin buhunan barkono. Wuri ɗaya ya rage a motar duka, tsakanin direba da surukata, inda dole kafaɗa ta gogi kafaɗa har a isa. Na ce wa direba su yi gaba, zan biyo mota ta gaba. Ya ce ba wata sai yamma. Na ce to zan hau sama wajen kaya da awaki, dama ina son iska. Har na kama ƙarfe na ɗora ƙafa a kan taya, ga farar riga, ga abin sauraro yana lilo, ƴan tasha sun taru suna kallo.

Sai ta sauke mayafin daga fuskarta, tana haki, ta dube ni ido cikin ido a gaban kowa.

“Ka gama jin abin da ke cikin ƙirjina, yanzu kujera ce za ka ji wa kunya? Sauko ka zauna, kada in mutu a hanya likitana yana sama tare da awaki.”